Ɗaurin bawul da bolti a bututun masana'antu

Ɗaurin bawul da bolti hanya ce ta haɗa bawul da bututu ba tare da walda ba. Ana matse faifan ƙarfe biyu masu huji a kewaye, waɗanda ake kira filanji, da bolti da noti, sannan a sa gaskit a tsakaninsu domin hana yoyo. Ita ce hanyar da aka fi bi a matatun mai, masana'antun siminti, tashoshin ruwan sha da wuraren noman rani, saboda tana ba da damar a cire bawul a gyara ko a canza shi ba sai an yanka bututu ba. Sai dai wannan damar ba ta tabbata sai an bar wurin da bolti zai shiga ya fita, da wurin da sifana za ta juya. Yawancin wahalar da masu gyara ke sha ba daga bawul ɗin kansa take zuwa ba, daga ƙarancin wuri ne da kuma rashin dacewar hujin filanji. A garuruwan kan iyaka irin su Illela ta jihar Sakkwato, inda kayan awon inci da na awon milimita ke haɗuwa, matsalar takan fito fili.

Kalmomi

Yawancin kalmomin wannan sana'a aro ne daga Ingilishi, kuma sun shigo ta bakin makanikai da masu gyaran famfo: bawul, bolti, noti, washa, sifana, gaskit, walda. A kalmar bawul ana ganin yadda Hausa ke sarrafa baƙon sauti, domin ba ta da sautin v, sai ta mayar da shi b a farkon kalma, ta kuma cusa wasali don raba baƙaƙen da suka taru a ƙarshe. Kalmar tiyo kuwa daga Faransanci ta fito, amma ta zama ta kowa a Najeriya da Nijar. A bakin mutane da yawa noti yana nufin bolti da notinsa gaba ɗaya, har kalmar ta shiga maganar yau da kullum, inda ake cewa notin wane ya kwance idan ana nufin hankalinsa ya taɓu. A wannan maƙala bolti shi ne sandar, noti kuma shi ne abin da ake murzawa a kanta. Tsagin da ya kewaye jikin bolti shi ne makanikai ke kira tiredi.

Yadda mahaɗin yake aiki

Ruwa ko gas da ke cikin bututu yana tura filanjin biyu ne domin ya raba su. Aikin bolti shi ne ya riƙe su da ƙarfin da ya fi na turin, har ya rage saura wanda zai ci gaba da matse gaskit. Turin ba ƙarami ba ne. A bututu mai faɗin milimita 100, matsin ba 10 yana tura murfi da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 800. A bututun milimita 300, wannan matsin dai yana haura tan 7. Tankin ruwa mai tsayin mita 10 daga ƙasa yana ba da matsin kusan ba 1 ne kawai, shi ya sa mahaɗin da aka ɗaure da sakaci kan iya daɗewa a ƙarƙashin tanki bai nuna komai ba, amma ya fara feshi da zarar an sa shi a bakin injin famfo.

Bolti da aka ɗaure sosai yana ɗan miƙewa, kamar sifirin mai tauri, kuma wannan miƙewar ce ke riƙe mahaɗin. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke sawa a sifana yana tafiya ne a gogayya tsakanin noti da washa da kuma cikin tiredi. Ɗan abin da ya rage ne ke miƙa bolti. Saboda haka bolti mai tsatsa ko ƙura yana iya yin tauri a hannu alhali bai matse gaskit ba.

Ire-iren bawul da wurin da suke ci

Tsawon bawul daga fuska zuwa fuska ƙayyadajje ne a ƙa'idojin masana'antu, kuma shi ne abu na farko da ake dubawa. Bawul mai ƙofa, wanda ake murza sitiyarinsa ƙofar ƙarfe ta sauka ta tare ruwa, yana da filanjinsa a kowane gefe. Na inci 4 a aji 150 na ƙa'idar Amurka ASME B16.10 tsawonsa milimita 229 ne. A ƙa'idar Turai EN 558 kuwa, na milimita 100 yana zuwa da gajere mai milimita 190 da dogo mai milimita 300. Wanda ya sayi gajeren don ya maye gurbin dogon zai tarar da giɓin milimita 110, kuma babu boltin da zai rufe shi.

Bawul mai faifai, wanda sunansa na Ingilishi ke kamanta shi da malam-buɗe-littafi saboda yadda faifan ke juyawa, shi ne mafi ƙarancin cin wuri. Na milimita 100 kaurinsa milimita 52 ne kacal. Yana zuwa iri biyu da suka shafi ɗauri. Siririn ba shi da hujin ɗauri na kansa, ana saka shi ne tsakanin filanji biyu, dogayen bolti su ratsa daga wannan gefe zuwa wancan su matse shi. Mai kunnuwa yana da hujoji masu tiredi a jikinsa, kowane filanji kuma yana ɗaure da nasa gajerun bolti, don haka ana iya kwance bututun gefe ɗaya a bar ɗayan, muddin kamfanin da ya ƙera shi ya amince da hakan.

Akwai kuma bawul mai ƙwallo da bawul mai hana ruwa komawa baya. Ƙanana daga cikinsu, irin na gidaje, murza su ake yi a tiredin bututu, ba su buƙatar bolti ko kaɗan.

Matsalar wuri

Siririn bawul yana rage tsawon layi, amma yana ƙara tsawon bolti, kuma a nan ne masu shimfiɗa bututu suka fi ruɗuwa. Misali, a bututun milimita 100 mai filanji biyu na kaurin milimita 20 kowanne, da bawul mai milimita 52, da noti biyu da washa biyu, boltin da ake buƙata ya kai kimanin milimita 140. Kafin a saka shi, dole a sami fili kusan tsawonsa a bayan ɗaya daga filanjin. Idan an yi wa filanjin walda kai tsaye da gwiwar bututu, ko yana dab da bango ko jikin injin famfo, boltin da ke ɓangaren lanƙwasar ba zai shiga ba. Akan gano haka ne bayan an gama walda.

Bawul mai filanji ma yana da tasa matsalar. A bayan filanjinsa jikin bawul ɗin kan kumbura, musamman kusa da wuyansa, har kan bolti ba ya samun hanyar wucewa. Shi ya sa a masana'antun mai da gas aka fi amfani da bolti mara kai, wato sanda mai tiredi daga farko har ƙarshe da noti a kowane gefe. Ana zura ta daga ɓangaren bututu, a riƙe noti da yatsu a ɗan tsukin bayan filanjin, a murza sandar ta shige shi. A manyan bawuloli masu faifai, hujojin da ke kusa da sandar juya faifai kan zama makafi, wato ba su ɓulla ba, saboda sandar ta tare hanya. Waɗannan suna buƙatar gajerun bolti masu tsawo na musamman. Idan boltin ya yi tsawo zai tokare a ƙasan hujin, sifana ta tsaya, mai aiki ya ɗauka ya ɗauru alhali filanjin bai matsu ba. Haka ke faruwa a mai kunnuwa idan boltin gefe biyu suka yi karo a tsakiyar huji. Wannan kuskure yana da wuyar ganewa da ido, domin daga waje komai yana nan daidai.

Sai wurin sifana. Noti na buƙatar fili a kewayensa don bakin sifana ya zauna, hannunta kuma yana buƙatar filin lilo. Sifana mai zobe ta fi mai buɗaɗɗen baki riƙo, amma sai ta sami hanyar sauka a kan notin daga sama. Ƙa'idojin filanji sun tanadi cewa yawan huji ya zama huɗu-huɗu, wato 4, 8, 12, 16, kuma a jera su ta yadda babu hujin da zai faɗo daidai sama ko daidai ƙasan bututu. Duk da haka boltin ƙasa su ne suka fi wahala. A ramin bawul da aka gina da bulo, idan bututun ya kwanta dab da daɓe, boltin ƙasa biyu ba sa samun ɗauri kamar na sama, kuma daga nan yoyo kan fara. Magini kan auna ramin da girman bawul, ya manta da hannun mutumin da zai zo gyara bayan shekara biyar.

Akwai wurin da bawul ke buƙata don motsinsa. Bawul mai ƙofa irin wanda sandarsa ke tasowa yana ƙara tsayi da kusan faɗin bututun idan an buɗe shi, don haka murfin rami ko wani bututu da ya gitta ta sama zai iya hana shi buɗewa gaba ɗaya. Faifan bawul mai faifai yana leƙowa waje da jikin bawul ɗin idan ya buɗe, ya shiga cikin bututun gefe da gefe. A bututun roba mai kaurin bango, ko idan an manna shi da bawul mai hana komawa, bakin faifan kan bugi wani abu ya lanƙwashe. Maganin shi ne a saka ɗan guntun bututu ko zobe a tsakani.

Na ƙarshe shi ne wurin fitarwa. Layin da aka kafe a gefe biyu ba ya ja da baya, kuma bawul ba zai zamo waje ba sai filanjin sun ɗan rabu. A tashoshin ruwa ana saka mahaɗi mai zamewa kusa da manyan bawuloli, wanda ke gajarcewa da 'yan santimita idan an sassauta shi. Inda aka tsallake shi don rage kuɗi, mai gyara kan koma ga kurfi da guduma, ko ya yanka bututun.

Ƙa'idoji da rashin dacewa

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 kowace maƙera tana yanka tiredinta yadda ta ga dama. Joseph Whitworth ya gabatar da tsarin bai ɗaya a Ingila a 1841, William Sellers kuma ya gabatar da na Amurka a 1864. Daga baya tsarin milimita ya mamaye yawancin duniya, amma bai kori na inci daga harkar mai da gas ba.

A yau manyan iyalan filanji biyu ne. Na Amurka, ASME B16.5, yana ɗaukar bututu daga rabin inci zuwa inci 24, da azuzuwan matsi daga 150 zuwa 2500. Na Turai, EN 1092, yana auna faɗi da lambar DN, matsi kuma da lambar PN, kamar PN 10 da PN 16. A tsofaffin ayyukan ruwa na ƙasashen da Ingila ta mulka ana iya cin karo da na uku, wato BS 10.

Bambancin kaɗan ne, kuma ƙanƙantarsa ce haɗarin. Filanjin inci 4 na aji 150 da na DN 100 PN 16 duk huji 8 gare su, kuma a ido kamar tagwaye suke. Amma da'irar hujojin na farko milimita 190.5 ce, ta na biyu kuma 180. A inci 3 na aji 150 huji 4 ne, takwaransa DN 80 PN 16 kuma 8. Ko a cikin iyali ɗaya, DN 200 yana da huji 8 a PN 10, amma 12 a PN 16. Boltin ma haka: M16 da na inci 5/8 kaurinsu kusan ɗaya ne, sai dai tazarar tiredin M16 milimita 2 ce, ta ɗayan kuma kusan 2.3. Notin wani kan fara hawa boltin wani ya cije, idan aka tilasta shi tiredin ya lalace. Notin M16 sifana mai lamba 24 yake ci, babban notin inci 5/8 kuma kusan 27.

A Illela da yankin iyaka

Illela hedikwatar ƙaramar hukuma ce a arewacin jihar Sakkwato, kilomita 80 da 'yan kai daga birnin Sakkwato, kuma 'yan kilomitoci ne tsakaninta da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. An fi saninta da kasuwarta ta ranar Lahadi da cinikin dabbobi da hatsi. Ba garin manyan masana'antu ba ne. Bututun da ake ɗaurawa da filanji a can na rijiyoyin burtsatse ne masu tankunan sama, da gidajen mai, da injunan ban ruwa na fadama, ciki har da kewayen tafkin Kalmalo, inda ruwan kwarin Maggiya da ya taso daga Nijar yake ƙarewa. Manyan ayyuka suna kewaye da ita: masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato, wadda ta fara aiki a 1967, da ta Malbaza a Nijar, da madatsar ruwa ta Goronyo, da filin noman rani na Ƙonni wanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa.

Abin da ya bambanta yankin shi ne haɗuwar awo. Nijar ta gaji awon milimita daga Faransa. A Najeriya kasuwa tana kiran bututu da inci, harkar mai da gas tana bin ƙa'idojin Amurka, kamar a matatar Kaduna ta 1980 da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a 2020, yayin da ayyukan ruwan sha suka fi karkata ga na Ingila da Turai. Mai sayen bawul da ya ce a ba shi na inci huɗu bai faɗi komai game da hujoji ba tukuna. An rufe iyakar Illela daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. A irin wannan yanayi mai gyara kan yi aiki da abin da ya samu a kusa, ba da abin da ya dace ba.

Dabarun da ake bi idan huji bai zo daidai ba sanannu ne: a faɗaɗa hujin da wutar walda, a sa bolti siriri, ko a ɗaura huɗu a bar huɗu. A ƙarƙashin tankin ruwa suna iya ɗaukar lokaci. A layin fetur ko gas ganganci ne. Hanya mafi aminci ita ce a yi ɗan guntun bututu mai filanjin kowane tsari a kowane baki, ko a nemi siririn bawul da aka ƙera don ya zauna a tsakanin filanjin tsari fiye da ɗaya. Mafi sauƙi kuma shi ne a ƙirga hujoji, a auna tazarar huji da wanda ke fuskantarsa, a karanta lambobin da aka zuba a jikin tsohon bawul kafin a tafi kasuwa.

Yanayi ma yana da nasa tasiri. Daga Maris zuwa Mayu zafin yankin kan haura digiri 40. Bututun ƙarfe mai tsawon mita 100 yana ƙara kusan milimita 36 idan zafinsa ya ƙaru da digiri 30, kuma idan an kafe shi a rana ba tare da wurin motsi ba, bawul da boltinsa ne ke ɗaukar nauyin. Giɓin da aka auna da sanyin safiya kan iya matsewa da azahar. Ƙurar hunturu tana shiga tiredi, damina kuma tana cika ramin bawul da yashi har boltin ƙasa su nutse su yi tsatsa. Inda ruwa ya tsaya a kan mahaɗi mai yoyo kuma matsin bututu ya faɗi, kamar lokacin da aka kashe famfo, ƙazamin ruwan kan iya komawa cikin layin ruwan sha.

Tsarin ɗaurewa

Ba a jawo bututun da ya karkace da bolti. Ana daidaita filanjin ne tukuna, har bolti ya shiga da hannu. Ana goge fuskokin, a sa sabon gaskit a tsakiya, a shafa maiko a tiredi da ƙasan noti. Daga nan sai a ɗaura a gicciye, kowane bolti da wanda ke fuskantarsa. A mai huɗu tsarin shi ne 1, 3, 2, 4, a mai takwas kuma 1, 5, 3, 7, 2, 6, 4, 8. Jagorar ASME PCC-1 ta tanadi a yi shi hawa-hawa da sifana mai awo: kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ƙarfin da ake so, sai 50 zuwa 70, sai cikakke, sannan a zagaya a jere har noti su daina motsi. Dole bolti ya cika notinsa, kuma al'adar aiki ita ce a ga tiredi biyu ko uku sun leƙo.

Bawul mai faifai da ke da roba a fuskarsa ba ya buƙatar gaskit, kuma ana saka shi ne faifan na ɗan buɗe, a gwada buɗe shi gaba ɗaya kafin ɗaurin ƙarshe. Filanjin ƙarfen zubi yana da gautsi. Idan aka haɗa shi da filanji mai tudun fuska aka matse da ƙarfi, gefensa kan tsage, don haka ana haɗa shi da shimfiɗaɗɗiyar fuska da gaskit mai rufe ta duka. Filanjin roba ma ba ya son zura bututu a hannun sifana don ƙara ƙarfi.

Haɗurra

A ranar 6 ga Yulin 1988, a dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke Tekun Arewa, an cire wani bawul na kariya daga layin wani famfo don gyara, aka rufe bakin bututun da murfin filanji wanda ba a ɗaure shi sosai ba. Ma'aikatan dare ba su san an cire bawul ɗin ba, suka kunna famfon. Gas ya fita ya kama wuta, mutum 167 suka mutu.

A ranar 22 ga Nuwamban 2016, a matatar ExxonMobil da ke Baton Rouge a Amurka, ma'aikata sun kwance bolti huɗu don cire giyar wani bawul da ta ƙi aiki. A wannan tsohon samfurin, boltin da ke riƙe mazaunin giyar su ne kuma ke riƙe murfin bawul ɗin. Da aka murza sandar bawul da sifana sai ya tarwatse, gas ya fita ya kama wuta, mutum huɗu suka ji munanan raunuka. Hukumar binciken haɗurran sinadarai ta Amurka ta gano cewa yawancin irin waɗannan bawuloli a sashen sabon samfuri ne, wanda ake cire giyarsa ba tare da an taɓa boltin murfi ba.